Kalandar da Ta Riga Manu Isa Gida

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna ku dube ni. Tun ɗazu kuke ta shafa min gilashi da yatsa a gaban ido, wai kun ga sanarwar gasar hoto, in zaɓa muku wanda za ku tura. Kai mai jar hula har kana cika baki, ka ɗauki hoto ɗari biyu jiya a kasuwa kafin azahar. Ɗari biyu! Ni a ganiyata sai in shekara ban danna ɗari biyu ba. Kuna ganin abin wasa ne, a ɗaga, a danna, a tura. To ni na shiga gasa sau bakwai, na faɗi shida, na ci ɗaya, kuma wadda na ci ɗin ita nake so ku ji kafin kowa ya tura komai.

Ku fara sanin cewa ban taɓa cin abinci da hoto ba. Malamin awo ne ni a gidan auduga, daga safe zuwa la'asar ina kan sikeli. Hoto ciwo ne kawai ya kama ni ina saurayi, ya kai ni shagon Baba Yohana a Tudun Wada. Batangale ne, tsohon soja, a soja ya koyi aikin. Gajere ne mai kaurin wuya, dariyarsa daga Kirsimeti sai Kirsimeti. Na ce masa ina so in koya, amma ba don kuɗi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Masu cewa ba don kuɗi ba su suka fi ɓarna. Zo ran Asabar."

Aikin farko da ya ba ni shi ne ɗauraya. Hoto idan ya fito daga ruwan magani sai an yi ta canja masa ruwa mai kyau, sau takwas ko fi, in ba haka ba maganin ya zauna cikin takardar ya riƙa cin ta a hankali. Ku kuma kun san Gombe da ruwa, yanzu ma kuka kuke yi, balle lokacin. Wata Asabar ya bar min hotunan auren wani malamin makaranta. Na leƙa randa na ga ruwa ya yi ƙasa, na canja sau uku na ce ai ya isa. Suka bushe fes, ango ya karɓa yana ta godiya. Bayan wata huɗu sai ga shi da matarsa, hotuna sun koma ruwan ɗorawa, fuskar amarya kamar an shafa mata miyar taushe. Baba ya ba su haƙuri. Da suka fita ya miƙo min garwa biyu da sanda, ya ce daga yau ni ne ɗan garuwar shago. Wata uku ina tashi daga ofis da farar rigata in je in bi layin ruwa.

Ɗakin duhun wani ɗan ƙuntataccen ɗaki ne a bayan shago, ba taga, an toshe ƙofarsa da bargon soja. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, saboda haka Baba ya huda bango daidai inda rana ke bugawa da hantsi, ya kafa madubi. Hasken rana ke ratsa fim ya sauka kan takarda, kai kuma kana ƙirgawa da baki. Gajimare ya gifta kana tsakiyar ƙirga, shi ke nan, takarda ta tafi. Ga zafi. Ruwan magani in ya yi ɗumi sai fuskar fim ta saki ta yi ta zamewa a hannunka, don haka muke naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen buhu mu tsoma cikin randa. Ku dubi faratana, har yau ba su koma fari ba.

Masu zuwa shago kuwa, babu mai zuwa don a ɗauke shi yadda yake. Muna da akwatin kaya: babbar riga ɗaya, kwat ɗaya, tabarau, agogon hannu da ba ya tafiya, da rediyon da babu komai a cikinsa. Labule uku ne a bango, na jirgin sama, na gidan bene, da na bishiya a bakin kogi. Na tuna wani mai facin taya da ya zo hannu duk baƙin mai. Ya sa kwat, ya ɗaura agogo, ya rungume rediyo a gaban jirgin sama, wai za a kai wa budurwarsa a Deba. Da ya fita na ce wa Baba wannan ai ƙarya muke sayarwa.

Ya ce, "Adamu, kowa ya san yadda yake, ba sai ka nuna masa ba. Abin da yake so ya zama shi ya kawo shi nan."

A raina na ce tsoho ne, bai san inda duniya ta dosa ba.

Shekarar da kuɗin mai suka fashe aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, abokan aikina duk suka sayi babura. Ni na hau mota na tafi Jos na sayo kamara. Irin mai ido biyu ce, wadda ake rataya ta a wuya ta sauka kan ciki, a leƙa ta sama. Fim guda hoto goma sha biyu ne, babu ƙari, saboda haka kafin ka danna sai ka yi tunani kamar mai shirin yanka. Tana da wani hali kuma: kanka na sunkuye ne, mutum sai ya ɗauka aljihunka kake dubawa, bai san ka gama da shi ba.

Gasa kuwa babu mai kawo maka labarinta, kai za ka nema. Jarida daga Kaduna ko Ikko take zuwa, ta kwana uku ko huɗu a hanya. Ina zuwa ɗakin karatu in bi ta shafi shafi har tallan maganin ciwon kai. Wani lokaci sanarwar na cikin kwalin fim, 'yar takarda a naɗe. Wani lokaci a allon gidan waya, an manna wata takarda a kanta. Rabin waɗanda na gani ranar rufewa ta riga ta wuce. In ka yi sa'a ka samu mai sauran kwana, sai ka karanta ƙa'ida da kyau. Girman hoto kaza. Suna da adireshi a baya, da fensir, domin biro na nutsewa ya fito ta fuskar hoton. Ka sa shi tsakanin kwali biyu, ka ɗaure, ka kai gidan waya, ka dawo ka zauna jira kamar mai jiran damina.

Na farko na tura hoton motocin auduga a layi, har yau ban ji amsa ba. Na biyu ya dawo min a lanƙwashe, ruwa ya jiƙa gefe guda. Na uku shiru. Na huɗu ne ya dawo da 'yar takarda daga wani cikin alƙalan gasar. Ya ce wankina ya yi kyau, amma mutanena duk sun san ana ɗaukarsu, sun ƙame kamar turaku. Ya ce in kawo mutum yana cikin rayuwarsa, bai shirya fuska ba. Wallahi takardar nan haddace ta na yi. Na sake turawa sau biyu na sake faɗuwa, har a wurin aiki aka fara kirana mai lambar yabo, ana dariya. Abin ya ci min rai.

Ana wannan bushasha a gari, daji kuwa ya ƙone. Damina biyu ruwa ya ƙi. A cikin Gombe siminti ake zubawa ko'ina, a rugage kuma shanu ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A wannan lokacin ne Manu ya shigo shagon.

Asabar ce da hantsi. Dogon Bafulatani ne, zai kai shekara talatin da biyar, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Ya zo da sandarsa da malfarsa a cikin buhu. Sai da ya tabbata babu kowa a shagon ban da ni da Baba, sannan ya kwance rawanin. Yana da zane uku uku a gefen baki, irin wanda duk ɗan yankinsu zai gane daga nesa. Na nuna masa labule, ya zaɓi na bishiya da kogi. Ina gyara masa tsayuwa sai na ga hannayensa. Sun tsattsage, sun yi fari fat.

Na kira shi yaya irin na Fulani, na ce, "Hamma, wannan ai siminti ne."

Ya dubi hannun kamar ba nasa ba, ya ce, "Malam, za ka iya ɓoye su?"

Na ce ya ɗora su kan sanda, in ja hannun riga ya rufe. Sai ya ƙara da cewa, "Ana iya sa shanu a bayana?"

Baba ya ce ana iyawa, muna da fim ɗin shanun da ya ɗauka a kasuwar dabbobi, sai a haɗa.

Manu ya girgiza kai ya ce, "Baba, tsohona ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta. In ya ga ƙahon da ba namu ba zai gane. A sa su can nesa, kamar ƙura ta rufe su."

Yana jiran in saita kamara ne ya gaya min, a hankali, yana kallon ƙasa. Rugarsu na can bayan Dukku, tafiyar kwana biyu. Da fari ya tsananta, tsohonsa ya danƙa masa garken gidan gaba ɗaya, na tsohon, na ƙannensa, har da shanun sadakin matarsa, ya ce ya kai su bakin Binuwai. Ba su kai ba. Yunwa ta karya su, ciwo ya ƙarasa su a hanya. Shi kuma kunya ta hana shi komawa da sanda kawai. Ku 'yan birni ba ku san fulako ba, Bafulatani ya gwammace cikinsa ya manne da bayansa da ya ce yana jin yunwa. Sai ya tsaya a Gombe ya shiga leburanci, yana ɗaukar kwanon sarki a wajen da kuke kira Federal Low-Cost yanzu, lokacin ana zuba harsashi. Ba ya cin komai sai gari da ruwa. Duk abin da ya tara sai ya sayi karsana ya kai ajiya wurin wani a ƙauyen Kwadon. Yana da huɗu. Ya ce in sun kai goma zai kora su gida, ya durƙusa gaban tsohon ya faɗa masa gaskiya da bakinsa, ga kuma abin fara sabon garke. Damina ɗaya kawai yake nema. Kafin nan hoton zai tafi hannun wani ɗan goro, da saƙon cewa shanu na Binuwai lafiya lau.

Ni na wanke hoton nan da hannuna. Na sa shanun can baya dishi-dishi yadda ya ce. Da ya zo karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya rufa maka asiri, Malam." Kun ji dai, na sani. Babu abin da ban sani ba.

Bayan wata biyu na ga sanarwa a jarida. Wani kamfanin kayan gini ne a Ikko ya sa gasa, ana neman hoton masu gina ƙasa. A ƙasan sanarwar an rubuta cewa hotuna goma sha biyu da suka fi za su shiga kalandar kamfanin. Na karanta wannan layin, kada wani ya ce muku ban gani ba. Na dai ce a raina sau shida ina faɗuwa, na bakwai ma haka zai zama, kuma Ikko ina, bayan Dukku ina.

Kwana uku ina tashi daga aiki in tafi wajen ginin da la'asar, lokacin da rana ke kwantawa ta gefe ta fito da kowace jijiya a jikin mutum. Leburori sun fi hamsin, amma idona na kan mutum ɗaya, domin babu mai tafiyarsa. Kwanon siminti ne a kansa, amma yana takawa kamar yana bin garke. Ya gan ni, ya ɗaga min hannu, na ɗaga masa. Rawanin na nan a fuskarsa, ni kuma na san hoton da babu fuska ba ya cin gasa. Na jira. Rana ta uku yana hawa katako zuwa saman gini, kwano cike a ka, sai bakin rawanin ya maƙale a ƙarfen rodi ya zame. Hannayensa biyu na riƙe da kwano, in ya saki ɗaya sai ya faɗo. Haka ya tsaya a tsakiyar katakon, fuska a buɗe, gumi ya yi hanya cikin ƙurar siminti, zanen bakinsa ya fito raɗau, yana waige ko wani ya gani. Kaina na sunkuye. Na danna.

Ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba, kuma ban sake ba. Yana fitowa cikin ruwan magani murna ta kama ni. Na manna shi a gilashi yana bushewa sai Baba ya shigo. Ya tsaya ya daɗe a kansa.

Ya ce, "Ya sani?"

Na ce, "Ya sani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Shi ma ya taya ni yanka kwalin da na naɗe shi.

Na zo na ɗaya. Aka aiko min da takardar yabo mai zanen zinariya da sabuwar kamara. Waɗanda ke min dariya a wurin aiki suka dawo suna riƙe min hannu, manaja da kansa ya kira ni ofis ya ba ni lemo. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, na yi sati ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai ƙarshen shekara kalanda ta iso Gombe katan katan. Kyauta ake ba duk wanda ya sayi siminti ko ƙusa, shi kuma ya ba teloli da masu shayi da direbobi. Hoton Manu ne a watan farko, fuskarsa ta cika rabin shafi.

Ranar da na gan ta a shagon wani tela a unguwar Arawa, na gane ɓarnar da na yi. Na shiga bin shaguna ina roƙon a ba ni shafin. Wasu suka ba ni suna tsokana, wai mai hoto na tara abinsa don alfahari. Wasu suka ce ina, ai wannan ne ya fi kyau a ciki. Na tara kusan talatin na ƙone a bayan gida, alhali motoci na ta fita da ita zuwa kasuwannin ƙauye. Na ji labari leburori sun fara kiransa na kalanda. Ban je wurinsa ba. Tsoro ne, babu wani suna da zan sa masa, har hanyar ginin na daina bi.

Wata Asabar, bayan kamar sati shida, wani saurayi Bafulatani ya yi sallama a shago, ƙafafunsa fururu da ƙurar tafiya. Ya ce sunansa Sambo, ƙanen Manu ne, hatimin shagon da ke bayan hoto ne ya kawo shi. Ya zaro hoton da na wanke mai shanu a baya, ya ajiye kan tebur. Ya zaro shafin kalanda a ninke, ya buɗe, ya ajiye kusa da shi.

Ya ce, "Baba, wanne ne yayana a ciki?"

Baba Yohana bai dubi hotunan ba, ni ya duba.

Sambo ya ba mu labari a tsaye, ya ƙi zama. Ya ce tun da hoton farko ya isa, tsohon ke yawo da shi a aljihu yana nuna wa kowa. A al'adarsu, wanda ya rasa garke 'yan'uwa kan ba shi saniyar aro, ya riƙe har ta haihu ya samu na tashi. An kawo wa tsohon, ya mayar, ya ce a ba mabuƙata, nasa na Binuwai. Bai tsaya nan ba, ya yi wa gida uku alkawarin karsana in Manu ya dawo. Mutanen nan suka fasa ƙaura, suka zauna jiran shanun da babu su. Ranar kasuwa tsohon ya shiga rumfar mai magani, ya tarar mutane sun taru a gaban bango. Da suka gan shi suka dare, kowa ya yi shiru. Sambo ya ce da dariya suka yi da ya fi sauƙi. Tsohon ya matsa kusa, ya duba, ya juya ya fita. Tun ranar bai sake fitowa daga bukkarsa ba. Dangin matar Manu sun zo sun tafi da ita da 'ya'yanta biyu.

Ya ce, "An aiko ni da saƙo. Ina zan same shi?"

Baba ya ce, "Adamu zai kai ka. Ya san wurin sosai."

Tafiyar nan daga Tudun Wada zuwa wajen ginin, ban taɓa yin mai tsawonta ba. Manu ya hango mu, ya sauke kwano, ya zo. Suka tsuguna suka yi ta gaisuwa da Fillanci, lafiya, lafiya, gida lafiya, kowa lafiya, kamar babu abin da ya faru. Sannan Sambo ya faɗi saƙon, da Hausa, ina jin don ni ma in ji. Ya ce tsohon ya ce mutuwar shanu daga Allah take, kowa ya rasa, da ya dawo da sanda kawai da an shimfiɗa masa tabarma. Amma yanzu kada ya zo. Shi ɗansa na Binuwai da shanu.

Manu ya ɗan jima yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce wa ƙanen ya bi ta Kwadon ya kora karsanan, sun zama shida, a ba gidajen da aka yi wa alkawari, saura a kai wa matarsa. Ya miƙe ya ɗauki kwanonsa ya koma kan layi. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga min sanda, wallahi da na samu sauƙi.

Da na koma shago Baba ya miƙo hannu ya ce, "Makullin ɗakin duhu." Na ba shi. Ya ce, "Shekara biyar kana nan. Na koya maka ruwa, na koya maka haske, na ɗauka sauran ka zo da shi daga gida." Ya ce in zo Asabar in kwashe kayana.

Asabar ɗin ina ɗaure kwalabena a kwali sai aka yi sallama. Manu ne, da 'yar jakarsa a kafaɗa, babu sanda, babu malfa. Ya gaida Baba, ya gaishe ni, har ya tambayi mutanen gidana. Ya ce an ce ana ɗaukar masu gadi a Ikko, amma sai da hoton fasfo guda huɗu, kuma motarsa da yamma za ta tashi. Daga ranar ban sake ganinsa ba, ban kuma haɗu da wanda ya ce ya gan shi ba, na kuwa tambaya har na gaji.

Baba ya tashi zai ɗauko kamara, sai Manu ya ce, "A'a, Baba, ka zauna. Malam ne zai ɗauka. Ai shi ya iya."

Na ce, "Hamma, don girman Allah..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya wuce ya zauna kan kujera a gaban farin bango. Ya kwance rawanin da kansa, ya ninke shi ya ɗora kan gwiwa, ya ajiye tsattsagaggun hannayen nan a kai. Na rataya kamara na sunkuya, ga fuskarsa a cikin gilashi tana kallona, na yi ta murɗawa na kasa daidaita ta. Ya jira ni, bai ƙosa ba.

Ya ce, "Ɗauka, Malam. Yau ni na ce ka ɗauka."